Daga Gona Zuwa Ƙofar Kamfani: Zana Tafiyar Aiki Kafin a Gyara Ta



Buhun masarar da ya bar gona a Bakori ko Ƙafur ko Ɗandume, kafin ya isa ƙofar kamfanin abincin kaji a Kaduna ko Ibadan, sai ya ratsa hannaye da yawa. Akwai mai girbi da mai injin ɓara, akwai matan da ke shiƙa da shanya, akwai mai mota, da dillali, da ma'auni, da mai ɗinkin buhu, da 'yan dako, da mai sito, da direban tirela, da malamin da ke karɓar kaya a bakin kamfani. Kowane ɗayansu ya san aikinsa sarai, kuma da wuya a samu wanda zai koya masa. Amma a nemi mutum ɗaya da zai zauna ya zayyano tafiyar buhun nan tun daga farko har ƙarshe, ya faɗi inda yake kwana, da inda yake raguwa, da wanda yake hannunsa a kowace sa'a, sai a ga an sha wuya kafin a same shi. Ra'ayin da zan kare a yau shi ne asarar da ta fi cin kasuwancinmu tana faruwa ne a gaɓar da aiki ke fita daga hannun wani ya shiga na wani, kuma ba a iya ganinta sai an zana tafiyar aikin gaba ɗaya, yadda take a zahiri. Wannan zane shi ya kamata ya riga sayen kwamfuta, ya riga neman bashin banki, ya kuma riga ɗora wa yaron shago laifi.

Ilimin da nake magana a kai ya haura shekara ɗari. A 1921 wasu ma'aurata 'yan Amurka, Frank Gilbreth da Lillian Gilbreth, suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin ƙasarsu wata hanya ta zana aiki mataki-mataki da alamomi. A 1947 ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar, waɗanda suka raba duk abin da ke faruwa da kaya zuwa aiki, da jigila, da dubawa, da jira, da ajiya. Hikimar rabon ita ce a cikin biyar ɗin nan guda ɗaya ce kawai ke canza kayan. Sauran huɗun suna cin kuɗi da lokaci, wasu dole ne, wasu kuwa gado ne da ba wanda ya taɓa tambayar dalilinsa. Daga baya aka samar da tsarin da manyan kamfanoni da bankuna ke amfani da shi yanzu, wanda ake kira BPMN. Ya fito a 2004, aka sabunta shi a 2011, ya zama ƙa'idar duniya a 2013. Littafinsa yana da kauri, amma abin da mai sito a Funtuwa ke bukata daga ciki kaɗan ne. Da'ira tana nuna abin da ya tayar da aiki da kuma inda ya ƙare. Akwati yana nuna aiki guda da mutum guda ke yi. Murabba'in da aka tsayar a kan kusurwarsa yana nuna mararraba, inda ake yanke hukunci, a karɓa ko a mayar. Kibiya tana nuna abin da ke bin wani. Sannan a raba takardar layi-layi kamar kunyoyi a gona, kowane mai aiki da kunyarsa, ta yadda duk sa'ad da kibiya ta tsallaka daga wannan kunya zuwa waccan, an san aiki ya sauya hannu. A nan ake zuba ido.

Mu ɗauki misalin ɗan sari da wani kamfani ya ba shi odar tirela guda ta masara, buhu 300 masu kilo 100. Abin da ya tayar da aikin shi ne kiran wayar da aka yi masa, kuma tambaya ta farko da zane zai tilasta a amsa ita ce: me aka faɗa a wayar? An faɗi farashi, wannan ba shakka. An faɗi yawan danshin da kamfanin zai yarda da shi? An faɗi ranar da za a biya? Daga nan uban gida ya tura wa yaransa kuɗi a kasuwannin ƙauye, yaran suka nemi dillalai, aka auna da tiya, aka ɗinke, aka tara a sito har tirela ta cika. To a lura, a wannan gefen da tiya ake saye, a wancan gefen kuma da sikeli ake karɓa, kuma a tsakaninsu babu wani akwati da aka rubuta wa «a gwada danshi». Masarar kaka da aka saya tana da danshi kashi 18 cikin ɗari, idan ta bushe ta koma kashi 13, wanda shi ne kusan abin da ake so don ajiya, buhun kilo 100 zai koma kilo 94 da 'yan kai. Lissafi ne kawai, ba sai an je jami'a ba: busasshen hatsin da ke ciki kilo 82 ne, sauran ruwa ne. A kan buhu 300, ruwan da ya tashi ya kai nauyin buhu 17. Babu wanda ya saci ko ƙwaya, amma idan sakamakon sikeli ya dawo, yaron da ya yi sayen shi zai sha zargi, wani lokaci ma har zumunci ya lalace. Da an zana tafiyar, da an ga cewa mararrabar da ke yanke makomar cinikin tana can ƙofar kamfani, bayan an gama biyan manomi da dillali da 'yan lodi da kuɗin mota, alhali wurinta na gaskiya shi ne bakin ma'auni, kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Abu na biyu da zane ke tonawa shi ne jira. A littafin da Michael Hammer da James Champy suka fitar a 1993 sun kawo labarin sashen bayar da bashi na kamfanin IBM, inda takardar neman bashi ke ɗaukar kimanin kwana shida tana yawo daga ofis zuwa ofis. Da wasu manajoji biyu suka ɗauki takarda guda da hannunsu, suka bi ta teburi-teburi suna neman kowa ya yi nasa nan take, sai aka ga ainihin aikin minti 90 ne. Sauran kwanakin duk takardar tana kwance ne a kan teburin wani. Ba sai an je Amurka ba kafin a gane wannan. Tirelar da ta cika da yamma amma ta kwana saboda ba a samu mai sa hannu ba, da buhunan da ke zube a rana ana jiran kuɗi su shigo ta waya, da direban da ke layi a ƙofar kamfani, duk jira ne, kuma kowane yini na jira jari ne da ba ya juyawa. Ɗan kasuwar da jarinsa ke juyawa sau huɗu a wata ya fi mai juyawa sau biyu, ko da ribarsu a kan buhu ɗaya ce. Don haka idan aka gama zane, a kan kowace kibiya ake rubuta tsawon lokacin da kaya ke yi kafin na gaba ya taɓa su, ba a kan akwatuna kaɗai ba.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu nake kawo wa ƙasar nan. Wannan yanki ya taɓa rayuwa a cikin tsararriyar tafiyar aiki, dattawan da ke zaune a nan kuwa sun ga ƙarshenta da idonsu. Ina nufin auduga. Ƙungiyar BCGA, wadda masu masaƙun Ingila suka kafa a Manchester a 1902, ita ta gina gidajen gurza a Arewa, har da na Funtuwa da Malumfashi, ga kuma layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. A wancan zamani, irin auduga yana fitowa daga masu bincike a Samaru, a yawaita shi a gonar Daudawa, sannan a raba wa manoma. Ba a sayar da auduga sai a fuloti, ba a sikeli sai an duba an ba ta lamba, angurya kuma tana komawa gidan gurza a ware ta shuka. Bayan an gama tsinka, doka ce a tumɓuke karan a ƙone don a katse zuriyar tsutsa. Kowane mataki da mai shi, kowace mararraba da ƙa'idarta. A 1977, da gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin sayen amfanin gona, hedikwatar ta auduga a Funtuwa aka sa ta. A 1986 aka rushe su duka.

Darasi biyu ke cikin wannan tarihi, kuma suna jan juna. Tsarin ya yi aiki, amma an zana shi ne don masaƙun Ingila, daga baya kuma don baitulmalin gwamnati. Manomi ba ya cikin ɗakin da aka yi zanen, farashin da aka yanka masa yakan gaza na kasuwar duniya, bambancin kuwa wasu ke morarsa. Wanda ya riƙe alƙalamin zane shi ke tsara inda riba za ta tsaya. Amma da aka rushe hukumar, an rushe ta ne tare da ayyukan da ba wanda ya lissafa cewa ita ke yin su: tsarkake iri, da rarraba shi a kan lokaci, da ba auduga lamba. Iri ya gauraya, aka riƙa zuba auduga a buhun leda wanda zarensa ke shiga cikinta ya ɓata rini, darajar audugar Najeriya ta faɗi. Masu yanke shawarar 1986 sun ga akwatin «saye da sayarwa» sun ce 'yan kasuwa za su iya, kuma sun iya. Sauran akwatunan da ke kewaye da shi ne suka zama marayu. Durƙushewar masaƙu tana da dalilai da yawa, har da wutar lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa, ban ce wannan kaɗai ba ne. Na ce dai an cire gaɓa daga jiki ba tare da an duba jijiyoyin da ke ratsa ta ba.

Sauran shirye-shiryen noma ma a kan gaɓoɓi suke cin nasara ko tuntuɓe. Shirin raya aikin gona na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, ya gina hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki kusa da manomi, kuma yana cikin abin da ya mayar da masara amfanin kasuwa a wannan yanki. Ya ci nasara inda ya gajarta tafiyar taki daga sito zuwa gona. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 kuwa, a takarda tafiyarsa a bayyane take: banki ya ba da kayan noma bashi, manomi ya noma, kamfani ya saye, a cire bashi. Ƙorafin da aka riƙa ji daga manoma shi ne kaya na zuwa bayan damina ta yi nisa, ƙorafin masu bashi kuma shi ne amfanin gona na bin wata hanya zuwa kasuwa. Dukansu biyu mararraba ce da zanen bai tanadi amsarta ba. Idan taki ya makara, me za a yi? Idan farashin kasuwa ya fi na yarjejeniya, me za a yi? Zanen da ya nuna hanyar da komai ke tafiya daidai kaɗai, rabin zane ne.

Na san akwai dattijon da zai ce: iyayenmu sun yi fatauci har Gwanja ba su zana komai ba, amana ce jarinsu. Wannan magana tana da nauyi, kuma bincike ya goyi bayanta. Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara ta ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna a littafinsa na 2014 yadda cinikin hatsi da bashi a karkarar nan ke tafiya a kan dangantakar uban gida da yaransa, da zumunci, da kunyar ido, ba a kan takardar kotu ba. Amma wannan shaida ce cewa tafiyar aikin tana nan, da ƙa'idojinta, a cikin kan mutane take zaune. Tana aiki muddin masu cinikin sun san juna, kuma uban gida yana raye da lafiyarsa. Ranar da ya faɗi, nawa ne daga manyan gidajen kasuwancinmu suka kai jikoki? 'Ya'ya sukan gaji sito da motoci, amma ba su gaji sanin wane dillali ake ba kuɗi gaba, wane ne sai an ga kaya. Ga shi kuma mai saye na yau kamfani ne da bai san asalin kowa ba, sikeli da na'urar danshi ya sani. Addininmu ma bai ɗauki rubutu a matsayin zargi ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma malaman fiƙihu sun shardanta a cinikin salam, inda ake biyan kuɗi kafin kaka, cewa a san ma'auni da siffar kaya da lokacin bayarwa. Waɗannan su ne tambayoyin da zane ke yi. Amana ta fi daɗewa idan kowa ya san iyakar abin da aka damƙa masa.

Wani kuma zai ce manomin Faskari ko Sabuwa da ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, da wanda kuɗin kamfa da yuriya ya fi ƙarfinsa, ina ruwansa da akwati da kibiya? Gaskiya ne, zane ba ya korar ɗan bindiga kuma ba ya sauke farashin taki. Sai dai lokacin da riba ta ƙanƙance shi ne lokacin da buhu 17 ke raba mai tsira da mai karyewa, kuma wannan gyara ne da ke hannunmu, ba ya jiran Abuja.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na uku: idan aka zana, aka ga matakan da za a iya cirewa, ai abincin mutane za a cire. Tsoron yana da tushe. A Amurka ta shekarun 1990 kamfanoni da yawa sun fake da sake tsarin aiki suka sallami ma'aikata, har sunan abin ya ɓaci. A nan kuma duk matashin da ya buɗe manhaja a waya, abin da yake fara alkawari shi ne zai kawar da dillali. To sai a zana kunyar dillali a ga abin da ke ciki. Shi ya san wanda ke da kaya a wane ƙauye. Shi ke tsaya wa baƙon mai saye, shi ke tsaya wa manomi idan kuɗi sun yi jinkiri, shi ke duba ko an yi algus a ƙasan buhu, shi ke sasanta rigima kafin ta je gaban sarkin kasuwa. La'adarsa kuɗin waɗannan ayyuka ce. Wanda ya share shi daga takarda bai share ayyukan ba, kuskuren 1986 ya maimaita a ƙaramin mataki. Zane na gaskiya yakan kare mai aiki, domin yana fito da aikin da ba a gani. Haka matan da ke shiƙa da tsince tsakuwa, waɗanda ingancin buhu ya rataya a wuyansu, amma ba a taɓa sa su a lissafin ciniki. Inda kuma zanen ya nuna ana sauke buhu a sake loda shi sau uku ba dalili, ko ana karɓar kuɗi a shingen hanya ba a yi wa kaya komai ba, to ya kamata a faɗa, ko da wani zai ji haushi. Sharaɗin shi ne masu aikin su kasance cikin masu zanen, kada a sake yin irin na auduga.

Lokaci ma ya matsa mana. A 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa, da nufin a riƙa kammala takardun fitar da kaya tun daga nan. Mai saye na ƙetare yana tambayar abin da ba mu saba amsawa ba: daga wace gona, wane magani aka zuba a sito, yaushe, wa ya gwada. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da ya wuce ƙima. A zane, wannan akwati guda ne a kunyar mai sito, ga kuma buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, wanda ya daɗe a kasuwanninmu. Haka fumfunar da ke haifar da gubar afalatoksin a masara da gyaɗa, sau da yawa a akwatin shanya take yaɗuwa, a kan ƙasa mai danshi. Wanda bai san tafiyar kayansa ba, ba zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikin buhunsa ba, ko a Funtuwa aka buga masa hatimi ko a Legas.

Yadda ake farawa ba ya bukatar boko mai zurfi. Allo da alli sun isa, da ajami ma ana rubutawa. A zaɓi tafiya guda, mai farko da ƙarshe, misali daga kiran oda zuwa shigar kuɗi. A tara masu yin ta, har da ɗan dako da direba, uban gida kuma ya daure ya yi shiru su fara magana, domin abin da yake zaton ana yi da abin da ake yi sukan bambanta. A zana na yau tukuna, da duk karkacewarsa, kafin a taɓa zana na gobe. A bi buhu guda da ƙafa a gwada zanen da shi. Sannan a tsaya a kan kowace mararraba a zana reshen da ba a so. Idan kamfani ya ce danshi ya yi yawa ya ƙi karɓa, wa direba zai kira, kuma wa ke da ikon amincewa da ragin farashi a nan take? Idan za a dawo da kayan, wa zai biya kuɗin mota, kuma wane sito ne ke da filin shanya buhu 300? Idan kuɗi suka wuce ranar da aka yi alkawari, da me za a sallami manoman da dillali ya tsaya musu? A rubuta sunan mai kowace amsa a cikin kunyarsa, a manna takardar a bangon sito inda yara za su gan ta, a kuma sake duba ta kafin kaka mai zuwa, domin farashin mai da hanyar da motoci ke bi da ƙa'idar kamfani duk suna iya canzawa a cikin shekara guda.